Randar da Baba Ya Shafe da Siminti

Azumin bana ya zo a tsakiyar bazara, irin zafin da idan ka fita da azahar za ka ji ƙasa tana gasa maka tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wutar lantarki kuwa ta yi mana yaji, firjin da ke falo ya koma ma'ajiyar kwanuka. Da na gaji da tura yara layin ƙanƙara, sai na sa aka sayo mini randa a kasuwa, aka kafa ta a lungun da iska ke bi. Washegari jikata Nana ta shigo da gudu tana cewa, "Hajiya, an cuce ki! Randar nan yoyo take yi, dubi ƙasanta duk ya jiƙe. A mayar musu da abarsu, ko a samu siminti a shafe ta." Na buɗe baki zan yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar fitowa. Yarinya ta tsaya tana kallona, ta ɗauka ƙishirwa ce ta fara taɓa mini kai.

Rabona da azumi mai irin wannan zafi tun ƙarshen shekarun tamanin, ina aji biyu a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Gidanmu yana Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Baba malamin zaure ne, manyan magidanta ne ke zuwa da littattafansu bayan asuba da bayan la'asar, yana fassara suna amsawa, "Na'am, Allah gafarta Malam." Da wannan na'am ɗin na girma, ta bayan bango nake jin ta tun ban san ma'anarta ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa a gida ake kirana Ummi, shi kuma Uwata yake ce mini. Da aka zo maganar in wuce sakandare, abokansa sun yi ta gunaguni, shi kuwa ya ce a gwada a gani. Na san gwaji ne, kullum da wannan sanin nake fita daga gida.

A shekarar komai ya yi wuya. Sukari ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙasan adaka saboda baƙo, kunun tsamiya haka muke shan sa salam, ƙosan Inna kuwa kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi har muna tsokanarta cewa sai an sa tabarau. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan ruwa. Famfon unguwa ya ƙafe tun kafin watan Sha'aban, rijiyar gidanmu ta ja baya har guga ya koma fito da laka. 'Yan garuwa sun zama sarakai, sai wanda suka ga dama suke kai wa.

Saboda haka da an yi sahur an sallame asuba, ni da ƙanwata Maryama za mu ɗauki bokitai da gammo mu nufi wani gida a Ƙofar Jatau da rijiyarsu ba ta ƙafe ba. Kafin mu isa layi ya miƙe har waje. A ja, a ɗora, a dawo, a juye, a koma, har sai rana ta fara leƙowa ta kan katangu, sannan in watsa ɗan abin da ya samu a jiki in sa yunifom. Babu ruwan da ake zubarwa a gidan. Na alwala a tare shi a kwano a ba agwagi, na wankin shinkafa na awaki ne, na ɗaurayar kaya kuwa da shi ake wanke banɗaki. Da yamma Inna ta zaunar da mu ta murza mana man kaɗanya a wuya, muna ihu tana cewa mu yi haƙuri.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mana rai, randar kakata, wadda na ci sunanta. Babba ce, baƙa, an binne gindinta cikin yashi a ƙarƙashin rumfa. Kafin azumi Inna ta wanke ta, ta turara ta, ta jefa saiwar jema mai ƙamshi a ciki, ta rufe da faifai da moɗa a kai. Da rana idan ƙishirwa ta kai ƙishirwa, nakan je in manna kumatuna a jikinta in lumshe ido, tunda wannan dai ba ya karya azumi. Jikinta kullum da laima, yashin ƙasanta a jiƙe, kyanwar gidan ma can take kwana. Idan aka kira magariba ka kafa kai a moɗar nan, sanyin har cikin haƙora kake jin sa.

Wata safiya cikin goman farko Baba ya shigo daga zaure daidai lokacin da Maryama ke sauke bokiti. Wuyanta ya riƙe, ta kasa juyawa, tana kuka ba sauti. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, ya daɗe yana kallo.

"Yaran nan suna karya wuyansu, ita kuma tana shayar da ƙasa," in ji shi.

Ranar ya aika gidan wani maƙwabci da ya gyara katanga aka karɓo masa ragowar siminti. Mutumin da ban taɓa ganin hannunsa da wani abu ba sai alƙalami da littafi da carbi, shi ne ya naɗe hannun riga ya kwaɓa siminti da kansa, ya durƙusa cikin ranar nan da azumi a bakinsa, ya shafe randa tas daga wuya har gindi. Inna tana tsaye a ƙofar madafi da muciya a hannu.

"Malam," ta ce.

"Na'am?"

Ta juya muciyar a hannunta. "Babu komai. Sannu da aiki."

Inna ta sani. Duk macen da ta taɓa riƙe gida ta san randar da ba ta zufa ba ta sanyi, ko da ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Amma ba ta saba gyara wa Malam magana ba, kuma ta ga abin da ya sa ya yi. Daga ranar yashi ya bushe, kyanwa ta canja wurin kwana, ruwan buɗa-baki ya koma ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. Kowa ya sha ya yi hamdala.

A makaranta kuwa muna fama da Malama Rabi. Sabuwar malamar kimiyya ce, siririya, daga Tukur-Tukur take zuwa da tsohuwar lemarta. Mu 'ya'yan cikin birni a hadda ba a kama ƙafarmu, tun muna ƙanana aka horar da kunnenmu. Sauran malamai su cika allo da rubutu, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar musu da kayansu yadda suka ba mu, ko waƙafi ba ya ɓata. Zan iya karanto miki shafi guda na Turanci da ka ba tare da na san ko a kan kifi ake magana ko a kan jirgi ba. Kuma na ɗaya ko na biyu nake zuwa, ina taƙama da abina.

Malama Rabi ta zo ta ɓata mana lissafi. Littafin karatu babu, ɗakin gwaje-gwaje kwalabe ne kawai da yanar gizo, alli ma gutsure ake ba malamai. Ita abin bai dame ta ba. Sai ta jefo tambaya ta harɗe hannu ta jingina da tebur ta yi shiru, shirun da ya fi bulala ciwo. Idan wata ta yi ƙarfin hali ta ba da amsa, ba za ta ce daidai ba, ba za ta ce kuskure ba, sai dai ta ce, "Ta yaya kika sani?" Har muka sa mata suna Malama Ta-yaya. Akwai ranar da ta ba wata maki mai yawa a kan amsar da ba daidai ba, wai don ta nuna hanyar da ta bi, ni kuwa da na zubo mata haddata tsaf ta rubuta mini a gefe, "Wannan maganar littafi ce, ina taki?" Na yi kwanaki ina gaba da ita a zuciyata.

"Malama, don Allah ki faɗa mana amsar mu rubuta, azumi muke yi," haka muke roƙonta.

"Ni ma shi nake yi," ta ce, leɓenta duk a tsage. "Idan na faɗa muku, tawa ce, kuna fita za ku bar ta a nan. Wadda kuka samo da kanku ita ce za ta bi ku gida."

Ba ta san yadda maganar nan za ta tabbata a kaina ba.

Cikin goman tsakiya ta shigo aji da ɗan tulu a hannu ɗaya da bokitin ƙarfe a ɗayan. Ta ce tun safe ta cika su daga wuri ɗaya, ta ajiye su a ofis gefe da gefe. Ta nemi wadda za ta ɗanɗana. Ko akwai waɗanda ba sa azumi a ranar, wa zai yarda ya tona kansa? Sai Rahila, Kirista ce da babanta ke aiki a asibiti, ita ta fito. Aji guda muka zuba wa maƙogwaronta ido tana haɗiya, wata a baya har da cewa wayyo. Rahila ta ce na tulu ya fi sanyi nesa ba kusa ba. Mu ma muka bi layi muna tsoma yatsa.

"To, me ya sa?" in ji Malama.

Wata ta ce ai da ƙasa aka yi tulu, ƙasa kuwa sanyi gare ta. Malama ta ce madalla, to mai wannan amsa ta cire takalmi ta je ta taka ƙasar tsakar makaranta ta dawo ta ba mu labari. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce tulu ya fi kauri. Malama ta ce wannan magana ce, amma da wane gwaji za mu raba ta da sauran? Wata kuma, 'yar gidan liman, ta ce Allah ne ya yi shi haka.

"Wannan gaskiya ce da babu ja a cikinta," Malama ta ce mata a hankali. "Ni tambayata, ta wace hanya ya yi shi hakan? Ai ya ba mu ido da hannu don mu duba."

Sannan ta sa kowa ta shafa bayan tulun ta shafa bayan bokitin, ta ce kada wadda ta yi magana. Muna cikin haka aka buga ƙarfen tashi. Ta kwashi kayanta ta fita, ta bar mu da jiƙaƙƙen tafin hannu ɗaya da busasshe ɗaya.

A hanyar gida rana kamar ta sauko ta zauna a kanmu. Rigata ta manne da bayana saboda gumi, harshena ya yi nauyi, idona yana ganin hanya tana rawa. Da muka zo shiga ƙofar gari, inda iska ke matsewa ta wuce, sai wata 'yar iska ta bugi bayana. Iskar mai zafi ce, na ji ta a fuska kamar hucin murhu, amma inda rigar ta jiƙe sai na ji sanyi har tsigar jikina ta tashi. Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Fuskata a bushe ta ji zafi, bayana a jiƙe ya ji sanyi, iska kuwa ɗaya ce. Tulun yana gumi, bokiti ba ya yi. Randarmu a da tana gumi, yanzu an hana ta. Ban taɓa jin irin wannan daɗin ba a rayuwata, na mance da ƙishirwa, na mance da wuyana. Abin nawa ne, babu wanda ya ba ni. Da gudu na ƙarasa gida kamar wadda ta tsinci abin duniya.

Da magariba ni ce mai kai wa Baba ruwa zaure, inda yake buɗa-baki da wasu daga cikin ɗalibansa. Na durƙusa a bakin ƙofa na miƙa. Ya kurɓa, ya dubi baƙinsa kamar mai ba da haƙuri.

"Zafin bana har cikin randa ya shiga," ya ce.

Suka ce, "Na'am, Allah gafarta Malam, haka ne."

Ni kuwa abin da ke cikina tun azahar ya ƙi zama. Na ji bakina yana cewa, "Baba, ta yaya ka sani zafin ne? Ai simintin da ka shafa ne ya hana ta gumi."

Dattawan nan kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanon kununsa, ɗaya ya ƙirƙiro tari. Baba bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba. Ya ce, "Ajiye ki shiga ciki."

Inna ta ji komai ta bayan bango. Ta ja ni madafi tana magana ƙasa-ƙasa. "Ke wace irin yarinya ce? A gaban ɗalibansa? Mutumin da ya durƙusa a rana saboda wuyanku?"

"Inna, ai ke ma kin san gaskiya na faɗa."

"Na sani. Kin ji na faɗa?"

Washegari ita ta isar mini da hukunci, tana tankaɗe ba ta dube ni ba. Malam ya ce in ƙarasa 'yan kwanakin da suka rage kafin hutun Sallah, daga nan shi ke nan, in zauna a gida in ci gaba da karatun littattafai a wurinsa. An gwada, an gani. Makarantar da ke koya wa yaro ya tuhumi ubansa a gaban mutane ba da shi ba. Daga ranar kuma Uwata ta ɓace daga bakinsa, sai dai "ke". Wannan ya fi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa, domin ban taɓa jin ya kira ni da wani abu ban da wancan sunan ba.

Ranar da za a ba da hutu na tsaya bayan kowa ya fita, na faɗa wa Malama Rabi komai ina kuka. Ta zauna a kan benci kusa da ni, abin da malamai ba sa yi.

"Laifina a ciki yana da yawa," ta ce. "Na koya muku tambaya, ban koya muku inda ake yin ta da yadda ake yin ta ba. In zo in ba shi haƙuri?"

Na ce a'a, abin zai ƙara lalacewa. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Amma Ummi, kin tabbata simintin ne?"

"Malama, shi ne mana!"

"Ta yaya kika sani?"

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in shaƙe ta. Ana shirin raba ni da makaranta, ita tana nan da ta-yayarta. Na tashi na fita ko sallama ban yi ba. Sai da na yi nisa a hanya fushin ya fara sauka, abin ya fara cina. Baba ya ce zafi ne, bai gwada ba. Ni na ce siminti ne, ban gwada ba. Bambancinmu kawai shi yana da furfura, ni ina da rashin kunya.

Na faɗa wa Inna abin da nake so in yi. Da na fito da safe na tarar da ƙananan tuluna biyu iri ɗaya a bakin ɗakinmu, da ragowar simintin a ƙunshe cikin takarda. Na shafe ɗaya na bar shi ya bushe. Na cika su, na ajiye marar simintin a ƙarƙashin rumfa, ɗayan kuma da wuri ya ƙure na tura shi jikin bangon madafi. Na jira ranar da Baba ya sha ruwa a cikin gida ba baƙi, na kai su gabansa na ajiye, na koma gefe na durƙusa. Wannan karon na ɗinke bakina.

Ya dubi tulunan, ya dube ni. Ya sha na farko, ya sha na biyu.

"Ke. Ina wannan ya wuni?"

"Ƙarƙashin rumfa, Baba."

"Wannan fa?"

"Jikin madafi."

"Inda rana ke duka da la'asar, ga wutar girki ta bayan bango." Ya girgiza kai. "A littattafanmu, idan mutum biyu suka zo gaban alƙali, wuri ɗaya yake zaunar da su. Ba ya ba ɗaya inuwa ya bar ɗaya a rana. Ba ki yi wa tulun nan adalci ba. Ki sake. Wuri ɗaya, ruwa ɗaya, a cika su tare."

Kunya ta rufe ni, domin abin da ya faɗa ko Malama Rabi iyakar abin da za ta faɗa ke nan. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan abu mai kama da murna. Bai ce in kwashe shirmena ba, cewa ya yi in sake.

Na sake. Da magariba ta yi na ɗauko su, sai ya ɗaga hannu ya kira Inna.

"Shiga da su ɗaki ki zuba a kofi biyu iri ɗaya. Kada ki faɗa mini wanne ne wanne, kada ita ma ta gani. Ni ina da wanda nake so ya ci, ita ma tana da nata."

Inna ta fito da kofunan silba biyu, fuskarta ba ta nuna komai. Ya yi bismilla ya kurɓi na dama, ya riƙe a baki, ya kurɓi na hagu. Ya miƙo mini na yi yadda ya yi. Muka nuna kofi ɗaya a tare.

"Na wanne ne?" ya tambayi Inna.

"Na marar simintin ne, Malam."

Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya tashi ya tafi masallaci, maganar makaranta kuwa ko da wasa bai taɓo ta ba.

Da safe muna dawowa daga ɗiban ruwa muka same shi durƙushe gaban randa da ƙusa da ɗan dutse, yana ɓamɓare simintin a hankali. Ya ci kusan rabi, sai muka ji ƙas. Randa ta tsage daga wuya har gindi, ɗan ruwan da ke ciki ya bi yashi. Ya daɗe a durƙushe bai motsa ba. Randar mahaifiyarsa ce, da ita aka kawo ta gidan tana amarya. Ya ɗauki tsingaro ɗaya ya shiga da shi ɗakinsa. Ni da na ci gardama, ranar na fi kowa baƙin ciki, na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Da yamma aka kawo sabuwar randa ja daga kasuwa, Inna ta turara ta, kafin kwana biyu kyanwa ta dawo wurinta.

Ruwan farko ya sauka ana gab da Sallah. Tun azahar gari ya yi ɗif, ko ganye ba ya motsi, sai can hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kwashe faifai da tabarmi, sannan aka fara yayyafi manya-manya, ƙamshin ƙasa ya tashi har sai da na ji kamar in ɗiba in ci. Gidan ya rikice, kowa da abin da ya raruma, bokiti, baho, tukunya, har kwanon tuwo. Aka bar na farko ya wanke rufin, sannan aka tara a ƙarƙashin indararo. Ni da Maryama muka tsaya cikin ruwan da kayanmu, baki a rufe gam saboda azumi, Inna tana faɗa tana dariya. Gobe babu zuwa Ƙofar Jatau.

Bayan ruwan gari ya canja. Zafin ya ragu amma ya zama mai danƙo, gumi ya fito ya ƙi bushewa, shanya ta wuni a igiya da laimarta. Aka yi Sallah, babu sabon ɗinki a shekarar, tsofaffin aka wanke aka buga. Na ci tuwon Sallah ba na jin ɗanɗanonsa. Yunifom ɗina yana ninke a ƙasan adaka, ƙawayena suna ta zancen komawa, ni ina cewa kaina ke ciwo.

Ana gobe za a koma, bayan la'asar, ina tsintar shinkafa a tsakar gida sai Baba ya shigo. Ya buɗe sabuwar randa ya ɗebo da moɗa ya sha, ya tsaya yana juya ruwan a baki.

"Uwata."

Tiren ya kusa suɓuce mini. "Na'am, Baba."

"Zo ki sha ki ji. Bakina ne, ko kuwa ba ta kai sanyin da take yi kafin ruwa ya sauka ba?"

Na sha. "Ba ta kai ba, Baba."

"Ga gari ya fi kwanakin baya sanyi, ita kuma ta ja baya. Kuma wannan karon ban shafa mata komai ba." Ya ɗan harare ni ta gefen ido. "Kin san dalili?"

Na yi tunani iyakar iyawata, sannan na ce, "Ban sani ba."

"Ni ma haka. To, gobe idan kin je ki tambayo mini malamar taku."

Ya rataye moɗa ya koma zaure. Na daɗe a tsaye kafin maganar ta gama shiga kaina. Da na waiwaya, Inna har ta fara zuba garwashi a dutsen guga.

Washegari tun kafin a shiga aji na tare Malama Rabi a bakin ofis na isar da saƙo. Ta dube ni da yunifom ɗina, idonta ya kawo ruwa, ta yi sauri ta gyara lemarta. Sai ta ce, "Ki gaishe shi da kyau. Ki ce masa, shi me yake zato?"

Na ce, "Malama, ki rufa mini asiri, da ƙyar na dawo."

"Haka za ki faɗa masa."

Da aka tashi na koma gida na sami Baba. Na durƙusa nesa da shi, kaina a ƙasa, na faɗa da muryar da ni ma da ƙyar nake ji. Na fara salati a zuci. Sai na ji wata irin dariya da ban taɓa jin ya yi ba, har yana riƙe hula, Inna ta leƙo daga madafi a tsorace.

"Wato ni ma an saka ni a ajin," ya ce yana share ido. "To, gobe kafin ki fita ki biyo ta zaure. Ina da zato, amma ki ce mata sai ta faɗi yadda za a gwada shi."

Haka na zama 'yar aike tsakaninsu duk daminar nan, da wadda ta biyo, har na gama sakandare na wuce kwalejin horon malamai. Daga randa suka koma kan raɓa, daga raɓa suka koma kan inuwa da lokutan salla, wani lokaci ita ke aiko masa da tambaya shi ya mayar mata da tata. Ba su taɓa ganin juna ba har Allah ya karɓi ransa. Ranar uku ta zo gaisuwa da lemarta, ta gaishe da Inna, ta tambaya ina randar take. Aka nuna mata. Ta ɗebo da moɗa ta sha, sannan ta zauna a kan jiƙaƙƙen yashin ta yi kuka.